Yadi Bai Kai Ba

Daren Talata tulun iska uku suka rage mana,
majinyata bakwai a ɗaki na huɗu.
Motar da za ta kawo ƙari daga Tema
ta mace a Nkawkaw, in ji direba,
daga baya wayarsa ma ta mace.

Ruwa na dukan kwanon rufin Kumasi.
Dakta Ofori ya miƙo min takarda,
idonsa jawur bayan gilashi mai raɓa:
Azara, cike. Hannuna rawa yake yi.

Takardar ba ta tambayar ɗan wane ne.
Shekaru take so, da bugun zuciya,
suga, hawan jini, lafiyar ƙoda,
da lambar da 'yar na'ura ke nunawa
in an maƙala ta a ɗan yatsa.
A tara, a fitar da jimla.
Ba wanda ya fi jin jiki kaɗai take nema ba,
wanda iskar za ta iya komo da shi take nema.

Maame Serwa mai atamfa a Kejetiya ta samu.
Wani direban tirotiro ya samu.
Saura ɗaya.

Gado na biyu, Lamisi, 'yar dako daga arewa,
gammo ya cinye gashin tsakiyar kanta,
cikinta wata bakwai.
Gado na shida ne ya tsayar min da biro:
Baba Isaka, telan Aboabo.
Shi ya ɗinka min farar rigata ta farko
shekarar da na shiga makarantar jinya,
ya ƙi karɓar ko sidi ɗaya,
wai in biya shi da allura marar zafi.
Shekara saba'in da tara. Suga. Ƙafa a kumbure.
Na'ura ta ce saba'in da ɗaya.
Na cire, na murza yatsan ya yi ɗumi, na mayar.
Saba'in.

Sau uku na yi lissafin.
Zuciya ta ce rage masa shekara goma mana,
wa ya ajiye takardar haihuwar tsohon Zango?
Bakin biro na kan layi
Lamisi ta yi tari,
tarin mutum biyu a ƙirji guda.

Ta tafiyata ya gane ni, duk da takunkumi.
'Yar Memuna, awo kike yi?
Na ce, awo nake yi, Baba.
Ya lalubo numfashi
kamar mai neman allura a ƙarƙashin keke,
ya ce: Shekara hamsin ina auna mutane.
In yadi bai kai ba, kuka ba ya ƙara masa tsawo.
Yanka ɗaya, kar ki ɓata duka biyun.

Bai ce ya yafe ba.
Bai ce a kai mata ba.
Cewa ya yi in gyara masa filo,
in karkata gadon wajen alƙibla in da hali.

Na rubuta saba'in da tara.
Na tura tulun zuwa gado na biyu,
tayar kekensa na ƙugi,
duk wanda ke iya buɗe ido ya bi shi da kallo.

Motar Tema ta iso shida da kwata.
Baba Isaka ya tafi tun kiran assalatu.
Lamisi na barci, lambarta casa'in da uku,
ko sunansa ba ta sani ba.

Ɗansa na bakin ƙofa da koko da ƙosai a leda.
Kun yi iya yinku?
Na ce mun yi.
Gaskiya ce,
amma na dinga ɗaukarta har Asawase
da nauyin ƙarya.

A gida na buɗe tsohon akwati.
Rigar ta yi rawaya a wuya.
Na juya bakinta, na ga abin da ban taɓa lura da shi ba:
ya bar inci biyu a cikin kalmasa,
ko zan ƙara tsawo,
ko wata za ta gada.

Ƙarfe takwas zan koma.
An buga sababbin takardu.